Kafin Iska Ta Kai ga Ƙwanson

Zafin bazara ne ya fara cin gilashin Samira. Ɗan siririn gilashi ne mai tsawon yatsa, tana ajiye shi naɗe da auduga a ƙasan akwatin kayanta, a ɗakin mahaifiyarta a Likoro. A tsakiyarsa akwai ɗigon danƙo mai haske da aka danne da wani gilashin, a cikin danƙon kuma akwai abin da ido ba ya gani: ƙwanson wata halittar teku da ta mutu tun miliyoyin shekaru.

Wata safiya ta ɗaga shi a hasken taga. Wani farin tabo ya shigo ta gefe. Danƙon ya fara saki, iska ta samu hanya, tana rarrafowa wajen ɗan da'irar da ta zana da tawada don ta san inda ƙwanson yake. In iskar ta rufe shi, shi ke nan.

A jami'a ilimin duwatsu ta karanta, can ta haɗu da waɗannan halittu da ake kira dainofilajilet. Suna shawagi a ruwan teku. In rayuwa ta yi tsanani sai su kulle kansu a ƙwanso su nutse, in ta yi sauƙi su ɓalle ƙofa su fice. Ƙwanson ne yake saura a cikin laka, lakar ta zama dutse. Jikinsa faci-faci ne kamar ƙwallon ƙafa, da ɗamara a tsakiya, wani da ƙayoyi, wani sumul. Masana suna raba su dangi-dangi da waɗannan siffofi, amma babbar shaida ita ce ƙofar: a saman kai take, ko a gefe bisa ɗamara? Faci ɗaya ne ya ɓalle, ko da yawa?

Nata ta tsinto shi ne a makon ƙarshe na karatu, cikin dutsen da aka ɗebo daga wajen Gombe. Ƙayoyinsa sun yi kama da na wani dangi da ta sani, amma ƙofar ba ta samu ta gan ta da kyau ba aka rufe ɗakin gwaji. Malaminta ya ce ta riƙe gilashin. In ta tantance ƙofar ta turo hoto, zai nema mata gurbin digiri na biyu a kansa. Sai aikin koyarwa ya fito a wata sakandare a wajen Makarfi, sai yau sai gobe. Duwatsun yankinsu kuwa tsofaffin duwatsu ne masu tauri, ba sa adana sawun kowace halitta. Duk da haka takan tsaya a bakin gonar masara ta ji tana kewar tekun da ba ta taɓa gani ba.

Makarantar tana da madubin likita, na'urar nan mai girmama ƙananan abubuwa. Kowa ya san da shi, ba wanda ya taɓa leƙa cikinsa. Yana sito a kulle, mabuɗin yana aljihun shugaban makaranta, Malam Ja'afaru.

Ta same shi a ofis. Ta rusuna, ta tambayi gida, ta tambayi iyali, ta tambayi zafi, sannan ta faɗi buƙatarta.

"Malama Samira, ke dai da zafin kai," ya ce yana murmushi. "Wannan kaya na gwamnati ne. In masu duba makarantu suka zo, sabo fil suke son su gan shi."

"Ranka ya daɗe, don a gan shi aka kawo, ko don a gani da shi?"

"To, in ya lalace fa? Wa za a kama?"

"Ni. A kama ni. Yaran nan suna zana madubi a jarrabawa, suna sa wa sassansa suna, ba su taɓa ɗora ido a kansa ba. Wannan ba karatu ba ne, Malam, rufa-rufa ce."

Ya kalle ta ta saman tabarau. Ba mugu ba ne. Irin mutanen nan ne da suke ganin adana abu shi ne amana, ko da adanar za ta kashe shi. Haka muke kulle littattafai don kada su yage, mu kulle kujeru don kada su karye, mu yaye yara da kai fanko, sannan mu ce kaya suna nan lafiya.

"'Yar nan, za ki tsufa da wuri," ya ce, ya zaro mabuɗin.

Madubin yana cikin ledarsa, ledar cikin kwali. Ta goge shi da gefen mayafinta, ta juya shi ga haske, ta leƙa. Hazo kawai, da wasu zare-zare kamar yanar gizo. Damina bayan damina a sito mai yoyo, funfuna ta cinye idon na'urar daga ciki.

"Amma dai waje sabo ne," in ji Malam Ja'afaru a hankali.

Ta mayar da madubin cikin kwalinsa. Ta tari acaɓa zuwa Kudan, gilashin a tafin hannunta cikin auduga, tana kare shi daga rana da mayafi.

Felix, wanda suka yi sakandare tare, shi ke gwajin jini a wani ɗan asibiti a can. Da ya gan ta ya fashe da dariya.

"A'a, Malama mai duwatsu! Yau kuma dutsen ne ke zazzaɓi?"

"Likitan sauro, rufa mini asiri. Ara mini madubinka."

"Kin ga layi? Sai na sallami mutanena."

Ta zauna a benci tsakanin iyaye mata da yaransu masu zafin jiki, ba ta yi ƙorafi ba. Wannan madubin aƙalla aiki yake yi. Sai bayan la'asar Felix ya leƙo ya yafito ta.

"Yi sauri. Tsoho ne, fitilarsa tana zafi kamar murhu."

Ta ɗora gilashin, ta murza maɓallin daidaita gani a hankali. Ƙura, ɓaraguzai, duhu, sai ga shi. Launin zuma, ƙayoyinsa a miƙe, bakin kowace a buɗe kamar kakaki. Ɗamarar tana nan. Ta ji kamar ta yi sallama a gidan da ta daɗe da barinsa.

"Ɗauki hoton mana," Felix ya ce.

Ta kara waya a idon madubin. Haske ya yi fari fat. Ta sake, wayar ta motsa, hoton ya fito dishi-dishi. Da ta mayar da idonta sai ta ga baƙin gefen iskar ya shigo fili, yana tafiya. Zafin fitilar ya narkar da danƙon.

"Kawo in riƙe miki wayar."

"Bari," ta ce. "Bari in gan shi."

Ta ajiye wayar, ta murza ƙasa kaɗan. Ƙofar ta fito sarai. Ba a saman kai take ba, inda dangin masu irin waɗannan ƙayoyi suke da ita. A gefe take, bisa ɗamara, faci ɗaya tak, gefunansa a yanke tsaf. Ta bi kowace kusurwa da ido, tana haddace ta. Sai iskar ta taɓa ƙaya ta farko, ƙwanson ya ɗan juya, ya dushe, duhu ya rufe shi.

"Kin samu?" Felix ya tambaya.

"Na gani."

"Hoton fa?"

Ta girgiza kai. Ta san malaminta ba zai kafa suna a kan abin da mutum ɗaya ya ce ya gani ba, kuma da gaskiyarsa.

Wata mata ta yi sallama a bakin ƙofa, goye da yaro. Samira ta zare gilashin ta tashi ta ba Felix kujerarsa. A bencin waje ta ari biro, ta fara zana ƙofar a bayan hannunta, tun siffar ba ta gudu daga idonta ba.