Gemun Yaya Muhaimin

Ni aski nake yi, a shagon Oga Longji da ke bayan Elm Street, kusa da tashar bas. Boko bai karɓe ni ba. Da muka zo ƙasar nan ta Amurka na sake gwadawa, na ga dai ba zan iya ba, sai na kama kilifa, injin aski. Yayana Abdulmuhaimin kuwa soja ne. Makanike ne a cikinsu, motoci da janareto yake gyarawa a barikinsu na Fayetteville, amma dai kaki yake sawa.

Tun ranar da ya shiga soja Baba ya daina yi masa magana, aka daɗe a haka. Gemu ne ya shirya su. Yaya ya nemi izini wajen manyansa, ya yi ta bi har aka yarda ya bar gemunsa saboda addini. Da ya zo gida McLeansville da kaki da gemu, Baba ya kama gemun da hannu ya ce, "To, ashe ba su cinye min kai ba." Daga nan duk zuwan da ya yi ni nake gyara masa shi, in daidaita gefe, in shafa mai.

Wata Asabar da hantsi ya shigo shago da jakarsa. Talabijin na kunne, ana labarin Siriya. Ana nuna yara a wani asibiti ana fesa musu ruwa da tiyo, ba jini a jikinsu ko ɗigo, numfashi ne kawai ya ƙi. An ce iska mai guba aka sakar musu.

Oga Longji ya rage murya ya ce, "Ga janar ɗinmu! Surajo, share kujera, kar a harbe mu."

"Oga, ni sifana nake riƙewa, ba bindiga ba," in ji Yaya. Ya zauna, na ɗaura masa ƙyalle a wuya. Na ɗauko almakashi kamar kullum, sai ya ce, "Aske shi duka."

Na ce, "Kan?"

"Gemun."

Na tsaya da almakashi a hannu. Ya kalle ni ta madubi, ya nuna talabijin da haɓa. Ya ce can za a tura su. Ya ce an ba kowa takunkumin roba mai rufe fuska gaba ɗaya, su mask suke ce masa. An sa su a wani ɗaki don gwaji, aka saki barkonon-tsohuwa. Kowa lafiya, shi kaɗai ya fito yana tari da hawaye, don gashi ya hana robar kama fata.

"Wannan barkono ne kawai, Surajo. Na can ba barkono ba ne."

Na ce, "To in bar maka saje mana, siriri haka, Baba ya ga wani abu."

"Daidai nan robar take zama."

"Ko ɗan na haɓa?"

"Nan ma."

Oga Longji ya ajiye tsintsiyar da yake shara da ita. "Tsaya, janar. Kai da wa za ku yi faɗan a can?"

"Oga, wallahi ni ma ban gama ganewa ba. Gwamnati na faɗa da 'yan tawaye, 'yan tawaye na faɗa da juna. Rasha na ciki, Iran na ciki, Turkiyya na ciki, mu ma muna ciki. Kowa ka tambaya cewa yake taimako ya kawo shi."

"Mutanen garin fa, sun ce a zo?"

Yaya ya mayar da idonsa kan madubi. Oga Longji ya ɗauki tsintsiyarsa ya ci gaba da share wurin da ya riga ya share.

Na fara da kilifa, na bi da reza. A hankali na yi, don fatar da ke ƙasa ta daɗe ba ta ga rana ba, ta yi haske, ta yi laushi kamar ta jariri. Da na gama sai na ga ya koma yaro, kamar lokacin da muke Kano yana goya ni a keke.

Ya ce, "Kar ka gaya musu inda za ni. Mama da hawan jini. Baba kuma kullum yana gaban labaran nan yana yi wa yaran addu'a. In buɗe baki in ce masa can za ni da kaki?"

"To me za ka ce game da gemun?"

"Ba abin da zan ce."

Mu a gidanmu in Baba ya yi magana ba a mayar masa. Ba a kawo dalili, ko da kana da shi. Kai ake sunkuyarwa har ya gama. Haka muka tashi, kuma Yaya ya fi kowa riƙe wannan.

Da la'asar muka isa gida. Baba yana bayan gida da fartanya, yana gyara filin da yake shuka yakuwa da kuɓewa in sanyi ya wuce. Yaya ya durƙusa ya gaishe shi. Baba ya ɗago, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juyo gare ni.

"Surajo, aikinka ne wannan?"

"Nawa ne, Baba."

"Hannunka ya yi kyau."

Yaya ya ce, "Baba, an tura mu aiki waje, gobe zan koma bariki. Sallama na zo yi. A sa min albarka."

Baba ya ci gaba da saran ƙasa. Can ya ce, "Waɗanda ka aske dominsu, su sa maka."

Na buɗe baki, Yaya ya taɓa min ƙafa. Ya zauna a durƙushe har gwiwar wandonsa ta jiƙe, Baba bai sake ɗagowa ba. Mama ce ta fito ta kira shi ciki. Ta zuba masa dambun nama a roba, ta ce, "Rabu da shi, zai huce. Gashi ne fa, ba tsirowa zai yi ba? In ka dawo da shi ai shi ke nan." Yaya ya yi dariya don ta ji daɗi.

Washegari na kai shi tasha. Ya ce in sun isa waya ba kullum ba ce, kar mu damu in mun ji shiru. Ya shiga bas yana shafa haɓa, hannunsa bai saba ba tukuna.

Aka kwana biyu. Yakuwar Baba ta fara leƙowa. Sai aka sake sakin iskar nan a wani gari, aka ce Amurka ta harba makamai don ladabtarwa. Muna falo da Baba bayan magariba, Mama tana kicin. Aka nuno wasu masu ceto da takunkumin robar nan a fuska suna ɗauke da yara. Baba ya ce, "Allah ya saka wa bayin nan da alheri."

Ban san lokacin da na buɗe baki ba, na ce, "Baba, abin nan ba ya kama fuska mai gemu."

Ya juyo. Ya kalle ni, ya kalli talabijin, ya sake kallona.

"Can yake?"

"Can yake."

Ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa. Ya leƙa ƙofar kicin, sannan ya yi ƙasa da murya. "Sun harba musu makamai. To in za a rama, a kan wa za a rama?"

Na ce ban sani ba.

"Abin yana rufe hannu? Wuya fa?"

Na ce wannan ma ban sani ba.

"Kira min shi."

Na ɗauki wayar Baba na kira, ta Yaya a kashe. Na sake kira. Sai na nuna masa yadda ake saƙon murya, na ce ya danne nan ya yi magana. Ya fita bayan gida don kar Mama ta ji, na bi shi. Na farko ya saki yatsa da wuri, sallama kawai ta shiga. Na biyu na danne masa da kaina. Ya ce, "Muhaimin, Babanka ne. Ka aske kullum, ka ji ko? Kar ka bari ya tsiro. Allah ya yi maka albarka. Allah ya yi maka albarka." Sannan na saki.

Alama ɗaya ta fito a gefen saƙon. Na ce masa in ta zama biyu, ya shiga ke nan.

Yanzu mu biyu ne muke ɓoye wa Mama. Tana ta yi wa Baba tsiya wai ya cika riƙo, yana sunkuyar da kai. In za ni shago da safe sai ya rako ni har mota, abin da bai taɓa yi ba, ya miƙo min wayar. Ya iya dubawa da kansa, amma ya fi so ni in duba. Oga Longji ya ce sabis ne kawai, wuraren nan ba sabis, kuma ya daina kunna labarai a shago.

Yau da safe ma na duba. Ɗaya ce. Baba ya karɓi wayar, ya goge fuskarta da hannun riga, ya ce in tuƙa a hankali.