Lorne Tisdale a Teburin Inna

Yayana Orest Dutchak madara yake rabawa gida-gida a garinmu Regina da safe, a keken doki, da yamma kuma ya kifa hular kwano ya nufi filin ƙwallo, irin wasan nan da ake ɗaukar ƙwallon a hannu ana ture juna. Haka 'yan wasanmu suke a shekarun 1950, kowa da sana'arsa. Aikinsa a fili shi ne ya tsaya a sahun gaba ya tare ƙattin da ke son cafke mai gudu da ƙwallo a hannu. Shi kansa ba ya taɓa ƙwallon sai a atisaye, amma duk gari an san shi.

Innarmu ta ƙi zuwa kallo. Cewa take, "Na baro Ukraine don kada a dokar min 'ya'ya, yanzu in je da ƙafata in ga ana yi?"

Da kakar wata shekara na lallaɓa ta muka je. 'Yan wasan garin Winnipeg ne suka zo. Wani dogo a cikinsu, Lorne Tisdale, ya yi ta kai Orest ƙasa cikin laka har ya fasa masa leɓe. Ana tashi Inna ta ja hannuna, ta ratsa mutane ta tare Lorne a bakin ƙofar filin. Na zaci jakarta za ta maka masa.

Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai ne ka kayar min da ɗa?"

"Ni ne, Mama. Wasa ne."

"Wasa. Dubi wuyanka kamar na zakara. A Winnipeg ba sa ba ku abinci? Wuce mu je gida."

Da Orest ya shigo gida ya tarar da Lorne a kujerarsa, sai ya tsaya turus. "Inna, wannan ne fa ya fasa min baki."

"To ka tauna ta ɗaya gefen."

Lorne ya share kwanon pirogi, abincin Ukraine na kwaɓin fulawa mai dankali a ciki, ya ƙara, jirgin ƙasan 'yan wasansu ya tafi ya bar shi. Daga nan ya riƙa samun dalilin zuwa Regina ko babu wasa. Da bazara aka ɗaura mana aure, ni da shi.

Suka ci gaba da haɗuwa a fili, goshi da goshi. Kafin a saki ƙwallo Orest kan ce, "Suruki, ka bi a hankali, ƙanwata ce za ta wanke rigar nan." Lorne ya ce, "Yaya, taka fa wa zai wanke?" Sai ka ji ƙarar hula da hula.

A 1958 gwiwar Orest ta ƙi, ya bar wasa bai taɓa cin maki ko ɗaya ba, kuma bai damu ba. Shekara ta zagayo Lorne ma ya ajiye, wai fili ya yi masa shiru. Muka baro Winnipeg muka dawo Regina, su biyun suka buɗe shagon kayan gini. Har suka yi furfura suna musun wa ya fi kayar da wani, manoma su shigo sayen ƙusa su zauna sauraro har su manta abin da ya kawo su.