Belin Yaya Eleuterio

Riga biyu, wando ɗaya, maganin hawan jininsa, dafaffiyar masara a naɗe cikin tsumma, da kuɗin beli a ambulan. Mama ta rungume jakar a cinyarta, ni ina tuƙi, muka hau gadar da ta raba jiharmu ta Oregon da jihar Idaho.

Wana Eleuterio a rumbun albasa yake aiki, a ɓangarenmu na kogin. Ranar Asabar ya tsallaka neman taya mai araha, ɗan sanda ya tare shi don fitilar baya ta mutu, ya tarar ba shi da lasin. Takardar izinin zama a ƙasar ma ba shi da ita. Ni a nan aka haife ni, shi a goye aka kawo shi daga Michoacán, can ƙasar su Mama. A jiharmu doka ta hana gidan yari riƙe mutum don jami'an shige da fice na tarayya. A tsallake riƙewa suke yi.

"Taka motar nan, Itzayana," in ji Mama. "Shekara biyar a makarantar gabas, ba su koya miki tuƙi ba?"

"A hanyar nan aka kama shi, Mama."

"Ke ai kina da takarda. Ko ita ma tsoro take ji?"

Waya ta yi ƙara. Lauyar da na bar wa saƙo tun jiya ce. Na tsaya a gefen titi.

"Kun biya belin?" ta ce.

"Muna hanya."

"Ki fara tambaya ko na tarayya sun aiko da takardar riƙo. In sun aiko, kada ki biya. Muddin yana tsare kan laifin lasin, yana hannun jiha, ina da lokacin haɗa masa hujjoji. Da kin biya, a takarda sun sallame shi, amma ba zai fito ba. Za su riƙe shi awa arba'in da takwas, na tarayya su zo su ɗauka."

"Lokaci nawa kike so?"

"Sati uku. Kuma ban yi miki alkawarin komai ba."

Na maimaita wa Mama. Ta kalle ni shekeƙe.

"Wato a biya ya tafi, a ƙi biya ya zauna. Wannan karatu naku ne. A garinmu, macen da ta bar ɗanta a ɗaure alhali kuɗi na hannunta, ko a kasuwa ba a gaishe ta."

A gidan yarin, ma'aikaciyar da ke bayan gilashi ta karɓi maganin, ta mayar mana da abincin da kayan. Na tambaye ta takardar riƙo. Ta duba.

"Da safen nan ta shigo. Za ku biya?"

Mama ba ta jin Turanci, amma ta gane tambayar. Ta tura ambulan ƙarƙashin gilashin. Na dafe ambulan ɗin da hannu, na ce mu gan shi tukuna.

Minti goma aka ba mu, ta waya, gilashi a tsakani. Bai yi aski ba. Idanunsa sun faɗa.

"Auta, kin kawo? Mutum goma sha biyu ne a ɗakin, ban runtsa ba tun Asabar."

Na gaya masa abin da lauya ta ce.

"Wani a ɗakinmu ya ce wani lokaci ba sa zuwa. Awa arba'in da takwas ta cika, a buɗe maka ƙofa."

"In sun zo fa, Yaya?"

"Ke kin saba kwana a gado mai laushi, 'yar boko. Biya kawai."

Wayar ta yanke. Ya ci gaba da magana, ba na ji.

A waje Mama ta tsaya, ta ƙi shiga mota. Na riƙe hannunta na zaunar da ita, na zagaya na shiga, na ja ƙofar.

"Ba za mu biya ba, Mama. Zai yi sati ukun."