Marken Bayan Bulumkutu

Tun kafin jirgin ƙasa ya fara zuwa Yerwa, masu gidan burodi a unguwar Hausari sun san Ya'akubu mai itace. Bakano ne, dogo, ba ya yawan magana. Abokin aikinsa Manasse daga wajen Biu ya zo, ba shi da kowa a garin. Ya'akubu ne ya sauke shi a zaurensa, daga baya ya ba shi ɗaya ƙotar zartonsa, dogon nan na mutum biyu, wannan ya ja wancan ya saki.

Kullum kafin su taɓa itace sai Ya'akubu ya zauna da magagari yana bin haƙoran zarton ɗaya-ɗaya, domin marke yana riƙe yashi a ɓawonsa, yashi kuwa yana cinye kaifi. Manasse ba ya son wannan zaman. Yakan yi ta kai da kawo yana duban rana.

Wata damina kurkunu ya fito wa Ya'akubu a ƙafa, ya kwantar da shi. Matarsa Lauratu ce ke naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan. Manasse yakan zo dubiya da rake ko ƙwai. Rannan ya daɗe a bakin tabarma, sannan ya ce, "Yaya, inda muke yanka ya ƙare, Masta Anselm mai burodi kuma yana ta aiko mini. Ina wurin nan da ka ce ka ajiye mana?"

Akwai wani kurmin busasshen marke can bayan Bulumkutu, wanda Ya'akubu ya daɗe yana lallashin Bulaman ƙauyen a kansa. Bai taɓa gaya wa kowa hanyar ba. Ya kwatanta wa Manasse, ya ce ya kai wa Bulama goro ya ce Ya'akubu ne ya aiko shi.

Daga nan dubiya ta yi ƙaranci, har ta ɗauke.

Da kaka ta yi, ƙafa ta soma ɗaukar Ya'akubu, sai ya dogara sanda ya tafi gidan burodin Anselm. Itace jibge har kan katanga, bakin kowane gungume sumul. Anselm ya fito hannunsa duk gari, ya tsaya yana dubansa.

"Malam Ya'akubu, kai ne? Manasse ya ce mini ƙafa ta ruɓe, 'yan'uwanka sun mai da kai Kano. Har na ba shi saƙon gaisuwa. Yanzu da shi da Maikuɗi nake ciniki."

Ya'akubu ya san Maikuɗi, mai kanti ne a kasuwa. Ya yi wa Anselm godiya ya fita.

Washegari ya bi masu jakuna zuwa dajin. Tun daga nesa yake jin ƙara kamar ta babur. Da ya isa ya tarar an share rabin kurmin. Manasse na riƙe da injin zarto, sarƙa tana zagaya bakinsa, garin itace na feshi. Ya ga Ya'akubu, ya kashe injin.

"Yaya, ka samu sauƙi?"

"Na dawo daga Kano."

Manasse ya sunkuyar da kai. Can sai ya kama bayanin injin, da sauri, kamar abin da aka tambaye shi ke nan. Maikuɗi ne ya sayo shi daga Ikko. Sarƙar da kanta take wasa kanta: akwai ɗan dutse a ciki, in ta dakushe sai ka danna nan. Ya tada injin ya danna, tartsatsi ya tashi, ya kifa shi a kan wani gungume ya ratsa shi. Ya'akubu ya duƙa ya shafa wurin. Yankan ya yi kyau, ba abin da zai kushe.

"Ba injin na zo tambaya ba," in ji shi. "Me ka gaya wa Bulama?"

"Abin da na gaya wa Masta."

"Kana cin tuwon gidana a lokacin."

"Maikuɗi ya ce mutum ɗaya yake so. Ina da iyali, Yaya. In kana so zan roƙa maka lodin jakuna."

Ya'akubu ya dube shi ya daɗe. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda fuskar Manasse take kamar kullum, irin wadda ya saba gani a ɗaya gefen gungume. Ya juya ya kama hanya, bai jira masu jakuna ba. Kafin ya kai gida ƙafar ta sake kumbura.

Bai kai ƙara wurin kowa ba. Ya koma faskare da gatari, yana sayar wa matan unguwa ƙananan ƙulli a ƙofar gida. In sun haɗu da Manasse a kasuwa sukan gaisa, gaisuwar da ake yi wa baƙo.

Da Kirsimeti Naomi, matar Manasse, ta kawo shinkafa da nama da kanta. Lauratu ta karɓa don kunya, suka ɗan taɓa hira a tsakar gida. Ya'akubu yana zaure yana jin su. Da aka kawo masa kwanon ya ce a kai wa maƙwabta.