Taka, Riƙe, Saki

Ranar Talata likita zai cika takardar da za ta raba Baba da lasisinsa na tuƙi. Wata guda ke nan da muka sani, likitan bai ɓoye mana ba. Ranar Lahadi kuma ƙungiyarsu ta masu son motoci ta kama filin tsere na Kellock Flat, kamar yadda suke yi sau huɗu a shekara, kowa ya zo da motarsa ta gida ya sake mata wuta, ba ɗan sanda ba kyamara. Wato Lahadin nan ita ce ta ƙarshe. In Baba bai hau filin nan ranar ba, to ya gama hawa ke nan har abada. Ga shi Asabar ce, ƙarfe biyu na rana, ina durƙushe a garejinsa a Shepparton, man birki na bin gwiwar hannuna, birki kuwa ya ce bai san zancen ba.

Motar ba wata ta a zo a gani ba ce. 'Yar ƙarama ce ja mai kujera biyu, ta girmi babban ɗana, da ita Baba yake zuwa sayen madara da jarida. Amma duk jajiberin ranar fili sai an yi mata hidima kamar za ta aikin soja. A kwashe tarkacen ciki har da shimfiɗar ƙafa, a ɗaure abin kashe gobara, a ɗaura ƙugiyar jan mota gaba da baya, a sa tayoyin nan huɗu da ke jingine a bango, a canza takalman birki. Duk mun gama wannan tun safe. Abin da ya rage shi ne bilidin, wato a zubar da tsohon man birki a sa sabo mai jure zafi, a kori iskar da ke cikin bututu.

Bilidin aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana kujera, ɗaya yana gindin taya da sifana da ɗan tiyo da kwalba. Na ƙasa ya ce taka, na sama ya taka birki sau uku. Ya ce riƙe, na sama ya danne ya ce na riƙe. Sai a buɗe ɗan noti, mai ya fito da kumfar iska, a rufe, sannan a ce saki. In na sama ya sassauta ƙafa kafin a rufe, iska ta koma ciki, an yi aikin banza. Shekara ashirin da biyar ni ce ta kujera, Baba ne a ƙasa yana min tsawa. Bana ciwon karkarwa ya hana hannunsa riƙe sifana, sai muka yi musanyar wuri.

“Taka!”

“Na taka.”

“Riƙe!”

“Na riƙe, Desley. Ba kurma ba ne ni.”

Na buɗe, na rufe, na ce saki. Muka zagaye tayoyi huɗu, na tashi na gwada birkin da kaina. Ya tafi luf har ƙasa kamar na taka biredi.

“Kin tabbata kina rufewa kafin ki ce saki?” in ji shi. “Don ke tun kina ƙarama baki ke riga hannu.”

“Baba, don Allah kar ka fara.”

Muka sake zagayawa. Muka kuma. Kumfa ta ƙi ƙarewa a cikin tiyo, 'yan ƙanana, sai su yi kamar sun ɗauke su sake dawowa. Na duba kowace mahaɗa da tocila ban ga inda yake yoyo ba. Ƙarfe huɗu da rabi kwalba ta biyu ta ƙare, shagon kayan mota kuwa biyar yake rufewa, kuma irin man nan ba a samunsa a gidan mai. Na figi motata da hannu duk maiƙo, na isa suna jan ƙofa, na kwaso biyun da suka rage a kan kanta. A hanyar dawowa har zagin motar nake yi a fili, ita da wanda ya ƙera ta. Tsoro nake ji. Na riga na ga Baba ranar Lahadi zaune a kicin yana sauraron rediyo, kuma laifina ne, ni da ban iya rufe noti ɗaya ba.

A zagaye na huɗu, da na zo tayar gaba ta gefen direba, ƙofa tana buɗe. Na ce riƙe, ya ce na riƙe. Ban san abin da ya sa na ɗaga kai ba. Ƙafarsa tana kan birki, amma rawa take yi, sama ƙasa, sama ƙasa, kamar mai ɗinki a kan keke. Ya sa hannu biyu ya danne gwiwar, ya cije leɓe, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Duk da haka ƙafar ba ta tsaya ba.

Na mai da kaina ƙasa kamar ban ga komai ba. Na rufe notin na ce, “Saki. Baba, ƙishirwa za ta kashe ni. Ɗan haɗa mana shayi.”

Yana shiga gida na ɗauko tsintsiya mai dogon kota. Na taka birki sau uku, na tokare shi da kotar a jikin kujera, na sauka na buɗe na rufe, na dawo na cire. Haka na yi ta hawa da sauka kamar mahaukaciya. Kafin buta ta tafasa ya sha ƙwayarsa ya lallaɓo, na gama tayoyi huɗu. Birki ya yi tauri kamar dutse.

Ya tsaya a bakin gareji da kofi biyu, rabin shayin ya zube a faranti. Ya kalli tsintsiyar da ke tokare a kujerarsa, ya daɗe yana kallo.

“Ashe an yi min sabon ɗa,” in ji shi.

“Baba...”

“Gajiya ce. Wuni guda kin sa ni ina ta taka abu. Da safe in na sha magani, ƙafar nan ko guduma ba ta motsa ta.”

“Ka bar ni in tuƙa gobe. Ai sunana na cikin takarda.”

Kowace shekara yana rubuta ni direba ta biyu. Nakan yi zagaye kaɗan a rukunin 'yan koyo, shi kuma ya yi ta ba mutane labari wai ina tuƙi kamar mai ɗauke da kwandon ƙwai.

“Ke? In tsaya a bayan shinge ina kallon ana wuce motata kamar an kafe ta?” Ya ajiye kofunan da ƙarfi. Sai kuma murya ta sauka. “Zagaye biyar, Desley. Biyar kawai. Ban roƙe ki komai ba tun da uwarki ta rasu.”

Gaskiya ya faɗa, bai taɓa roƙo ba. Na hau ɗaure notinan taya. A ƙarshen miƙaƙƙiyar hanyar Kellock Flat, 'yar motar nan tana kai ɗari da sittin kafin kwana ta farko, a nan kuwa mutum zai danne birki ya riƙe shi daƙiƙa uku cur. Gaba bangon tayoyi ne, gefe kuma motocin 'ya'yan mutane. Na gyara birkin da hannuna, kuma a lokacin sai na ji da ma ban gyara ba.

Da safe ya shige gaba, ni ina biye da kayan aiki a tawa motar. Tafiyar awa ɗaya da rabi ce, muna lallaɓawa saboda kangaru, dabbobin dajin nan masu faɗowa titi, amma ni ban ga hanya ba, fitilun birkinsa kawai nake kallo. A kowace mararraba suka kama jawur, ba ƙyaftawa. Har na fara cewa wataƙila gajiyar ce da gaske. Na so in yarda, Allah ya sani na so.

Sai dai layin duba motoci ya yi tsawo ranar. Fiye da awa guda muna matsawa kaɗan-kaɗan cikin sanyi, ƙamshin soyayyar albasa da nama na tasowa daga rumfar mata 'yan ƙungiya. Na sayo masa biredi da nama, ya karɓa da hannun hagu, na dama yana cikin aljihu. Na san dalili, maganin safe ya fara sakinsa.

Mai duba motocin Merv Hallam ne, abokin Baba tun suna da gashi. Ba sitikarsa a gilashi, ba hawa fili, ko kai wane ne. Ya tarbe mu cikin rumfar kwano da farar rigarsa ta aiki da allon rubutu.

“Lindsay!” ya ce da Baba. “Har yanzu wannan gwangwanin bai gaji da kai ba?”

“Gwangwanin da ya wuce ka a kwana ta uku ka ce rana ce ta shige maka ido?”

Merv ya yi dariya. Ya girgiza tayoyi, ya taɓa maɗaurin batir, ya juya hular kwano ya duba cikinta, ya ja abin kashe gobara ya ji ko zai motsa. Sannan ya zagaya bayan mota, inda nake tsaye.

“To, fitila. Taka, tsoho. Riƙe.”

Fitilun suka kama, suka mutu, suka kama, suka mutu, a guje. Jan haske yana ta wasa a farar rigar Merv. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

“Riƙe na ce, mutumina.”

“Na riƙe!”

Merv ya dube ni, na dubi takalmina. Ya sosa ƙeya da biro, ya ɗaga murya don na bayan layi su ji. “Wataƙila waya ce ta saki, tsofaffin nan sun saba. Desley, shiga ki taka mu gani.”

Baba ya fito da ƙyar. A bakin ƙofa ya kama hannun rigata, na ji rawar yatsunsa har cikin fatata.

“Ki ɗan girgiza ƙafa,” ya ce a hankali. “Sai ya ce waya ce, ya ba mu rabin awa. Mu naɗa mata salatif mu dawo, ke ki sake takawa, ya manna sitika. Desley. 'Yata. Don Allah.”

Ban taɓa jin ya ce min don Allah da irin wannan murya ba. Na zauna a kujerarsa, da ɗuminsa a jiki. Abu ne mai sauƙi, ɗan motsin idon sawu kawai, kuma na san Merv ba zai tona ba, hanyar fita yake nema shi ma. Na sa ƙafa a kan birkin, na ji taurin da na sa masa jiya da kotar tsintsiya. Na tuna kwana ta farko. Na danne da duk ƙarfina, na riƙe.

A madubi na ga rigar Merv ta yi ja, ja ɗin bai motsa ba.

Can Merv ya ce, “Saki.” Ya rubuta a sitika, ya zo ya manna a gilashi. Suna ɗaya ne a jiki, nawa.

“Mota lafiya lau, Lindsay,” in ji shi, bai ɗago ba. “Ban ga birki mai kyau irin wannan ba yau.”

“Shekara talatin, Merv.”

“Na sani. Ni na duba ka ranar farko.” Ya zaro abin hannu na takarda ruwan ɗorawa daga aljihu, irin wanda ake ɗaura wa fasinja. “Rukunin 'yan koyo suna ɗaukar mutum a gefe. Ƙarfe goma da kwata.”

Baba bai karɓa ba. Ya juya ya tafi bakin shinge ya tsaya shi kaɗai, ya ba mu baya. Ni na karɓa. Na ja motar gefe, na duba iskar taya sau biyu ba don tana bukata ba, na shige banɗaki na yi kuka mai isata. Haushinsa nake ji, ina jin haushin kaina, har Merv bai tsira ba.

Goma da minti goma aka kira rukuninmu. Na sa hula, na tayar da inji, na ajiye abin hannun a kan kujerar gefe. Sai da na kusa ƙofar shiga fili aka buɗe ƙofar motar. Baba ya shigo da hularsa a kai, ya miƙo min hannu ba tare da ya dube ni ba. Sai da na kama wuyan hannun na danne a cinyata kafin na iya ɗaurawa.

Zagayen farko na bi layin da na sani, a tsorace, wasu biyu suka wuce ni. Da muka sake fitowa miƙaƙƙiyar hanya na tura giya ta huɗu, allura ta haura ɗari da ashirin, ƙafata ta fara ɗagawa daga totur tun kafin allon farko mai nuna wurin taka birki, kamar kullum.

“Tukuna,” na ji an ce cikin ƙarar iska. “Tukuna, mai kwandon ƙwai.”

Na mai da ƙafa. Allon farko ya wuce. Bangon tayoyi yana ta girma. Allo na biyu ya wuce.

“Taka!”

Na taka. Motar ta duƙa, bel ya shaƙe min ƙirji. Ta gefen ido na ga ƙafarsa ta dama ta miƙe tana neman birki a inda babu, tana dukan ƙasan mota.

“Riƙe,” in ji shi, muryar ta karye. “Riƙe, Desley.”

“Na riƙe, Baba.”