Sabuwar Takarda a Bangon Asibiti

Kwamfuta ɗaya, caja biyu, doguwar wayar da ke haɗa kwamfuta da talabijin, robar ruwa. Abin da ke jakar Auta ke nan. Tana rungume da ita a kujerar baya ta bas, saura minti ashirin a buɗe ƙaramin asibitin da goggonta ke karɓar marasa lafiya.

Watanta uku da dawowa daga karatu, kuma wannan ne aikin farko da ta samu: shafin kwamfuta da zai nuna layin masu jiran likita a talabijin ɗin ɗakin jira. Likita ya ba ta yini ɗaya na gwaji. In bai yi ba, a koma takarda, ita kuma ta koma yawon neman aiki.

Bai yi ba. Goggo ta shigar da mutum na farko, na biyu, na uku. Auta ta duba, sunayen sun shiga, ga su nan a kwamfuta. Talabijin kuwa ko gezau.

"'Yar nan," in ji wani tsoho mai sanda, "talabijin ɗin naki ma ba shi da lafiya. A sa shi a layi, amma bayana."

Aka yi dariya. Auta ta sunkuyar da kai, gumi na bin wuyanta.

Goggo ba ta tsaya jira ba. Ta rubuta sunaye a takarda ta manna a bango. Da mutum na shida ya zo, sai ta cire takardar, ta kwafe duka a sabuwa, ta ƙara nasa, ta manna.

"Goggo, ki ƙara a ƙasan tsohuwar mana. Ɓarnar takarda kike yi."

"Ke dai ji da naki. Shekarata goma sha ɗaya a kujerar nan. In na ƙara a tsohuwa ba mai ɗaga kai, gani suke ta ɗazu ce. Sai sun ga an canza ta."

Auta ta koma kan abin da ta rubuta a kwamfuta. Manhajar da ta gina shafin da ita ba ta leƙa cikin jerin sunayen. Abu ɗaya take dubawa: jerin ɗazu ne aka miƙo mata, ko wani? In na ɗazu ne, ba ta sake zana komai. Ita kuwa Auta tun safe cikin tsohon take cusa sunaye.

Ta goge layi ɗaya ta rubuta wani: kwafi jerin, ƙara suna, miƙa sabon.

Goggo ta shigar da mutum na bakwai. Sunaye bakwai suka fito reras.

"Ya farfaɗo," in ji tsohon. "Ba allura ba komai."

Wajen tsakar rana likita ya leƙo. Ya tsaya har ya ga sunan wata mata ya ɓace daga allon lokacin da aka kira ta. Ya ce, "A bar shi nan," ya wuce.

Da aka tashi, Auta ta bi Goggo ɗakin ajiye fayil.

"Na gode, Goggo. Tun shekarar farko a makaranta aka koya mana wannan, yau ya kwanta mini."

"Au, can ma takarda suke canzawa? Da nan kika zauna da na koya miki."

Auta ta tura ƙofar ta rufe, ta ce:

"Saura shafin ɗakin magani. Ba zan rubuta ko layi ɗaya ba sai na yi mako guda a gefenki ina kallo."