Inda Aka Bar Kassim

"Wai in tashi in jera su?" Alhaji Issifu ya tambaya, yana kallon yarinyar sama da ƙasa.

"Eh, Alhaji. Ka tsayar da kowa inda kake ganinsa a gida. Na kusa da kai ya tsaya kusa, na nesa ya tsaya nesa."

Madam Rashidatu ake ce mata, mai ba iyalai shawara a asibitin. Da kyar in ta girmi 'yarsa. Likita ya ce ba za a sallami ɗansa Kassim ba, wanda tiramol ta kwantar, sai an ga irin gidan da zai koma. Don haka dillalin shanu sukutum ya bar kara, wurin cinikin shanu, ranar kasuwa, ya hau trotro, motar haya, har asibitin da ke Bantama, a zo a koya masa yadda ake riƙe gida. Shi da ya aurar, ya binne, ya ciyar da baki goma lokacin da ciwo ya share masa garke! Abin ya ba shi haushi, ya kuma ba shi dariya.

Tun da suka zauna take jero tambayoyin banza. Wa ake fara gaya wa in abu ya faru? Wa ke cin abinci da wa? Yanzu kuma ga wasan yara.

"Wannan ba aiki ba ne koraa, ko kaɗan," ya ce wa matarsa Abibatu, ba tare da ya rage murya ba. "Amma tashi, mu yi mata, mu tafi."

Ya miƙe yana gyara babbar riga. Ya tsaya tsakiyar ɗakin, domin ina kuma mai gida zai tsaya? Ya ja Abibatu damansa. Ya nuna wa babban ɗansa Abdul-Manan, mai gyaran mota a Magazin, hagunsa. 'Yarsa Hamida ya tura ta bayan uwarta. Ya karkaɗe hannu.

"To, Madam, ga gidana. Sai ki rubuta."

Ba ta rubuta komai ba, kallonsu kawai take yi. Ya ɗauka ta rasa abin faɗa ne, har ya fara murmushi. Sai ya lura Hamida ta sunkuyar da kai, Abdul-Manan kuma ya ƙura wa bango ido.

"Alhaji," Abibatu ta ce a hankali, "saura mutum ɗaya."

Kassim na zaune kan kujera bakin taga cikin rigar asibiti, hannuwansa tsakanin gwiwoyi. Kunya ta kama Alhaji, irin wadda ya manta rabonsa da ita. Ya taka ya kama hannun ɗan, ya ji duk ƙashi ne. Ya waiga yana neman gurbi. Dama da mutum, hagu da mutum, ya tsaya riƙe da hannun.

Kassim ya zare hannunsa a hankali.

"Bar shi, Baaba," ya ce. "Ba ka yi kuskure ba. Nan ɗin ne gurbina."